Wanda Ya Musanya Fim Ɗin Auta

Ƙarfe takwas na safe aka buɗe hayar fim ɗin Auta a manhajar kantin. Ƙarfe takwas da kwata wayoyin ofis suka fara kuka.

Kantin nan babu faifai ko ɗaya a cikinsa. Ɗakuna uku ne a bene na biyu, a saman wani shagon gyaran firji, da kwamfutoci biyar da fanka mai ƙara. Mutum yana kwance a ɗakinsa zai shiga manhaja ya yi hayar fim na kwana biyu, ya kalla a waya ko a talabijin. Wata uku ana tallar wannan fim na wata mace direbar babbar mota, kuma shi ne karo na farko da aka ba Auta babbar fitowa. Mutum dubu shida suka kama haya tun kafin ranar ta zo.

Abin da suka gani da suka danna ba fim ba ne. Minti ashirin ne na kurakuran Auta a wajen ɗauka, an jera su ɗaya bayan ɗaya. Ga ta ta manta magana. Ga harshenta ya sarƙe sau bakwai a jimla ɗaya. Ga motar ta mutu a hannunta, ga ta zaune a kan taya tana kuka, kwalli ya ɓata mata fuska. Kafin Manaja ta sa a sauke abin, mutane sun riga sun kwafa, yana ta yawo daga waya zuwa waya.

Ma'aikata suka yi cirko-cirko a ƙofar ɗakin Dogo, don shi ne mai ɗora fina-finai a manhaja.

"Wa bai san ka nemi aurenta ta ƙi ka ba?" in ji ɗaya.

"Daga kwamfutarka aka ɗora," in ji wani. "Ko aljani ne ya zauna a kujerarka?"

Manaja ta kore su, ta rufe ƙofa, ta kira kawunta.

*

Mai Sawu ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana bin sawun dabbobin sata da mutanen da suka ɓata, har gwiwa ta ce masa ta gaji. Da ƙyar ya hau benen, yana dogara sanda.

"'Yar nan, ni fa wayata ma kira kawai take yi," ya ce da ya zauna. "Me zan bi a cikin wannan akwatin naku?"

"Kawu, ba akwatin za ka bi ba, mutum za ka bi. Na gida ne ya yi mana. In na kira hukuma kowa zai ji, kantin ya mutu. In na yi shiru kuma za su cinye Dogo ɗanye."

Ya sa aka kawo masa Dogon. Mutum ne mai ƙusumbi saboda zaman kujera, kuncinsa na hagu a kumbure.

"Jiya da sha biyun rana na ɗora fim ɗin gaskiya, Baba. Na kunna farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, lafiya lau. Daga nan na tafi cire haƙori, ban dawo ba." Ya buɗe baki ya nuna gurbin.

"Ƙofa fa?"

"Ba a kulle ta da rana. Lokacin cin abinci kowa ficewa yake yi."

"Mabuɗin shiga akwatin?"

Dogo ya ɗaga allon rubutun kwamfutar. Ga lambar sirrin a rubuce a jikin takarda, an manna ta da gam.

Mai Sawu ya yi dariya. "Ka ɗaure akuya, ka rataya wuƙa a wuyanta. To su wa ke da hoton kurakuran nan?"

"Da yawa. Ni, da Darakta, da Auta da mutanen gidansu, da 'yan wasan da suka nema."

"An ce ka so ta."

"Na so ta, shekara biyar ke nan. Yanzu 'ya'yana biyu." Ya taɓa kuncinsa. "Ba zan ɓoye maka ba, har yau in na ga mijin nan nata ya zo ɗaukarta, sai in ji shayi ya yi mini ɗaci. Amma haushin mijin nake ji, Baba. Me zai sa in tozarta ta?"

*

Ta biyu da kowa ke nunawa ita ce Zinariya. Shekara takwas ita ce fuskar da kantin ke sawa a gaban manhaja, kuma ita aka fara ba fitowar direbar kafin Darakta ya sake shawara. Mai Sawu ya same ta a shagon gyaran gashi, kanta cike da ƙananan kitso rabi an gama, waya a hannu, tana kallon hoton kurakuran.

"Karo na biyar ke nan," ta ce ba tare da ta ɓoye ba. "Zauna, Baba. In ka zo tambaya ko na ji daɗi, na ji. Wallahi har raina."

"Yarinyar ta yi miki laifi?"

"Laifinta ta fi ni ƙuruciya, kuma kyamara na son ta. Ka san abin da Darakta ya ce mini? Wai fuskata ta saba da kujerar falo, ba za ta yi kama da mai tuƙa kaya ba. Ni da na koya wa yarinyar nan tsayuwa a gaban fitila!"

"Jiya da rana kina ina?"

"A wannan kujerar, tun goma har huɗu. Tambayi mai kitso, ita ta san wuyan da ta sha."

Mai kitson ta gyaɗa kai tana taɓe baki.

Zinariya ta mayar da hoton baya, ta miƙo masa wayar. "Kuma da ni na haɗa, da ba haka zan yi ba. Dubi nan, ranar da mota ta mutu mata. Ina wajen, na yi dariyar da sai da aka ba ni ruwa. Ji yadda aka datse ta, ko 'ha' biyu ba a bari ba. Da ni ce da na bar ta har ƙarshe, na ƙara mata sauti."

Mai Sawu ya saurara. Dariyar ta faro da ƙarfi, ta yanke kamar an toshe bakin mai ita.

*

Mai gyaran firji na ƙasan bene ya ce ya ga mijin Auta ya hau sama wajen ƙarfe ɗaya, fuskarsa a ɗaure. Sauran masu hawa da sauka bai kula ba, kansa na cikin firji.

Mijin mai gyaran agogo ne, shagonsa bai fi faɗin tabarma biyu ba. Da ya ga Mai Sawu sai ya cire madubin da ke idonsa ya miƙe.

"Na je," ya ce. "Ba zan yi ƙarya ba."

"Yin me?"

Ya daɗe yana juya wani ɗan ƙaramin sukurdireba. "Akwai wani waje a fim ɗin. Wannan mai farin haƙoran da ya fito a matsayin mai son ta, ya miƙa mata ruwa, ita kuma ta dube shi ta yi murmushi. Baba, shekara huɗu muna tare. Na san wannan murmushin. Nawa ne. Tun da aka sa shi a talla, duk wanda ya kawo agogo sai ya ce, 'Kai, matarka ta iya kallo.' Na je in roƙi Dogo ya rage wajen, ko da daƙiƙa uku ne."

"Ka same shi?"

"Ba ya nan. Na juyo."

"Wa ka gani a can?"

Mutumin ya sunkuyar da kai. Ya gyara hularsa, ya ja hannun rigarsa ƙasa kamar wanda babba ya shigo wa.

"Ban ga kowa ba," ya ce a hankali.

Mai Sawu bai matsa masa ba. Ya dai lura ba tsoro ne a fuskar ba, kunya ce.

"Ka iya yanka hoto a kwamfuta?"

"Da na iya, da daƙiƙa ukun nan zan yanke, ba mutuncin matata ba. Tun safe take gidan babanta, ko wayata ba ta ɗauka."

*

Baban Auta shi ne wanda a da ake kira Jarumi. Zamanin kaset babu gidan da ba a san muryarsa ba, kuma da tsofaffin fina-finansa aka fara buɗe kantin. Yanzu suna can ƙasan manhaja, a wani layi da sai an daɗe ana jan allo kafin a kai.

Mai Sawu na isa ƙofar gidan, wata maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ɗaga murya. "Baban Auta! Kana da baƙo!"

Dattijon ya fito, dogo, farin gemu a gyare tsaf. Ya dubi tagar da wani irin kallo kafin ya miƙa hannu.

"Jarumi," ya ce, yana gabatar da kansa. "Bismillah, shigo."

Bangon falon duk hotunansa ne, yana saurayi, wani da takobi, wani da kwat. Auta na kwance a doguwar kujera, ta rufe fuska da gyale. Ta tashi ta gaida baƙo, idanunta jawur kamar gauta.

"Wa kike zargi, 'yata?"

"Ban sani ba, Baba. Kowa yana yi mini dariya a gaba. Ban san wanda ke yi mini ita a baya ba." Muryarta ta karye. "Sau arba'in na maimaita wani wajen har na samu. Ba wanda zai ga na arba'in ɗin yanzu. Na fasa, wallahi na bar wasan nan."

Mahaifin ya dafa kanta. "Haƙuri za ki yi. Na sha gaya miki ba ki nuna ba tukuna, aka yi gaggawar tsinko ki. Mu a zamaninmu sai ka shekara goma kana riƙe wa wani fitila kafin a ba ka jimla ɗaya."

"Kai ma kana wajen ɗaukar?" in ji Mai Sawu.

"Kullum. Ina bayan kyamara ina gyara mata. Har 'yar fitowa suka ba ni, ta tsohon makanike." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Da aka nuna mana fim ɗin makon jiya, sai na ga babu ita. Wai ya yi tsawo. Ba komai, ai zamaninsu ne."

"Baba, na ce maka ban san za su cire ba," Auta ta ce.

"Na ce ba komai, Auta."

*

Da la'asar Mai Sawu ya koma ofis, ya ce wa Dogo ya kunna masa minti ashirin ɗin. Ya kalla sau ɗaya, ya ce a sake. A karo na uku ya juya wa allon baya, ya jingina haɓa a kan sandarsa, ya rufe ido.

Manaja ta tsaya a bakin ƙofa. "Kawu, barci kake yi?"

"Shiru, 'yar nan. Wanda ya haɗa abin nan idonmu yake so. Shi ya sa na hana shi."

Da aka gama ya buɗe ido, ya juya ga Dogo.

"Dogo, ban da kai, wa ka taɓa koya wa yanka hoto a akwatin nan?"

Dogo ya buɗe baki zai amsa, sai ya rufe. Ya dubi Manaja, ya dubi ƙasa.

"Bar shi," in ji Mai Sawu. "'Yar nan, tara mini su gobe da hantsi. Har da yarinyar."

*

Suka taru a ɗakin Manaja. Zinariya ta zauna nesa da Auta. Mijin ya tsaya a jikin bango, Dogo a ɗaya bangon, ba mai duban wani. Aka ba Jarumi kujera mai hannu.

"Kowa a ɗakin nan yana kishin wani abu," Mai Sawu ya fara. "Wannan yana kishin miji, wannan yana kishin murmushi, wannan tana kishin fitowa. Da a ce da kishi ake kama mutum, da igiya uku zan zo da ita. Amma ni sawu nake bi. Dogo, kunna, ka kashe hoton, ka bar mana sauti kawai."

Muryar Auta ta fito tana tuntuɓe. Sai ta Darakta: "A'a, tsaya, ki sak..." aka datse.

"Kun ji? An yanke shi a tsakiyar kalma. Ci gaba."

Dariyar Zinariya ta faro, aka datse. Mai farin haƙora ya fara cewa wani abu, aka datse. Mai riƙe fitila ya yi tari, ko tarin ba a bari ya ƙare ba.

"Mai wuƙar nan ba ya ɓata lokaci a kan kowa. Da kuskuren yarinya ya ƙare sai ya sare, ko wa ke magana. To yanzu ku ji wannan."

Auta ta sake sarƙewa a jimlar nan mai wuya. Daga bayan kyamara sai wata murya mai kauri ta ɗauka, a natse, ta faɗi jimlar tun daga farko har ƙarshe, kowace kalma a mazauninta, ta ja numfashi, ta sauke. Sai da shirun bayanta ya ɗan zauna kafin aka yanke.

Babu wanda bai san muryar ba.

"Sau tara take fitowa a minti ashirin," in ji Mai Sawu. "Na ƙirga. Sau tara, ba a taɓa ko gefen harafinta ba. Akwai wajen da kuskuren ya ƙare tuni, yarinya ta bar gaban kyamara, babu abin kallo sai taya da ƙasa, amma aka bar hoto yana tafiya har mai muryar ya gama. Na bi ɓarayi da yawa, kowannensu sawunsa yake sharewa ya bar na mutane. Wannan na mutane ya share, ya bar nasa, don bai iya sa masa wuƙa ba."

Ya juya ga mijin Auta. "Kai kuma, wanda ka gani a benen nan ba wanda za ka iya ambata ba ne. Ban ga laifinka ba."

Mutumin ya rufe fuska da tafin hannu.

"Ni na koya masa," Dogo ya ce da ƙaramar murya. "Bara. Ya ce yana so ya riƙa yanko wurare daga tsofaffin fina-finansa yana tura wa mutane, ko wani ya tuna ya yi haya."

Auta ta miƙe. Ba ta dubi kowa ba sai mahaifinta.

"Baba, ka ce ƙarya suke yi."

Jarumi ya gyara zaman rigarsa a gwiwa. Da ya yi magana, da waccan muryar ya yi, wadda aka gama ji yanzu.

"Kin san sau nawa aka yi hayar fina-finaina bana, su goma sha ɗaya? Sau goma sha huɗu. Tara daga ciki ni ne. Ke kuwa ba a ma ga naki ba, mutum dubu shida suna layi." Ya dubi Auta. "Da, in kin wuce, cewa ake ga 'yar Jarumi. Yanzu ni ne Baban Auta. A ƙofar gidana, gidan da na gina da wannan maƙogwaron. Jimlar da kika yi sau arba'in, ni sau ɗaya na faɗe ta, a tsaye a rana a bayan kyamara, ba wanda ya juyo. Minti biyu suka ba ni, su ma suka ce sun yi yawa. Na so dai mutane su ji. Su ji wanda ya iya, su ji wadda ake koya wa."

"Sun ji," in ji Zinariya, kuma babu dariya a bakinta. "Ni da ba 'yata ba ce ban kai nan ba."

"Da ka gaya mini, Baba," Auta ta ce, hawaye na zuba ba ta share ba. "Da na durƙusa wa Darakta har ya mayar maka da minti biyunka. Da na ce in babu kai babu ni."

"Na sani. Abin da na kasa ke nan. In roƙi abin a hannunki."

Auta ta share hawayenta. Sannan ta juya ga Manaja.

"Anti, a ɗora fim ɗin yau. Kamar yadda yake, kar a ƙara kar a rage. Kuma abin da aka faɗa a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin nan, ubana ne. A dai gaya wa ma'aikata ba Dogo ba ne." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba. "Zan ci gaba da zuwa gaishe ka, Baba. Amma ba za ka sake zuwa inda nake aiki ba, kuma ba zan sake karanta ko layi ɗaya a gabanka ba."

Ta fita, mijinta ya bi ta. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka zame, har ɗakin ya rage dattawan biyu.

Tare suka sauka benen, a hankali, kowa na riƙe da ƙarfen gefe, ɗaya saboda gwiwa, ɗaya saboda abin da ya fi gwiwa. Sun kai rabi Jarumi ya tsaya. Mai Sawu ya zaci zai ce a roƙa masa yarinyar, har ya fara shirya amsa.

"Malam," dattijon ya ce ƙasa-ƙasa, "kai da ka saurara da ido a rufe. Tsakaninka da Allah, muryar tana nan yadda take, ko?"

Mai Sawu ya dube shi, ya ga da gaske yake tambaya.

"Tana nan," ya ce. "Je ka gida da ita. Ita kaɗai ta rage maka."